Songhoy Blues: Kundin Farko Ko Na Biyu? Tambayoyi Da Amsoshi Daga Jos

Yaran da ke koyon jita a wurina a nan Jos, da abokan zama a majalisarmu ta Titin Bauchi, sun daɗe suna gardama a kan kundin waƙoƙi biyu na ƙungiyar Songhoy Blues ta ƙasar Mali: Music in Exile da ya fito a 2015, da Résistance da ya biyo bayansa a 2017. Yawancinsu na farkon suke so, wasu ma ci baya suke kiran na biyun. Na yarda na farkon ya fi kama zuciya. Maganar ci baya ce ban yarda da ita ba, kuma dalilina ya shafi garin nan namu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, kusan yadda masu su suka faɗe su.

Malam, su wane ne Songhoy Blues ɗin nan tukuna?

Samari huɗu ne suka kafa ƙungiyar a Bamako a 2012. Aliyu Ture ne mai waƙa, Garba Ture yana kan jita, Umaru Ture yana kan bes, wato jita mai kaurin sauti, Nathanael Dembele kuma a lokacin yana kan ganguna. A bangon faifai da rubutun Faransanci za ka ga sunayen, Aliou da Oumar Touré. Ture ukun nan ba 'yan gida ɗaya ba ne, sunan ne ke da yawa a ƙasar. Aliyu da Umaru mutanen Gao ne. Garba ɗan Dire ne, wani gari a bakin kogin Neja ta wajen Timbuktu, kuma mahaifinsa ya yi wa marigayi Ali Farka Ture, fitaccen makaɗin jitar Mali, kiɗan ganga, don haka a gidan kiɗa ya tashi.

Yaƙi ne ya haɗa su. A watan Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali. A watan Maris sojoji suka kifar da gwamnatin Amadu Tumani Ture a Bamako, kafin a ankara Kidal da Gao da Timbuktu sun suɓuce daga hannun gwamnati. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai irin su Ansar Dine da MUJAO suka mamaye garuruwan, suka haramta kiɗa. Jama'a suka watse, wasu Nijar, wasu Burkina Faso da Muritaniya, wasu kudancin ƙasar. Garba ya ɗauki jitarsa ya sauka Bamako, a can ya haɗu da 'yan uwansa 'yan arewa da hanyar gida ta toshe musu, suka fara wasa a bukukuwan aure da gidajen rawa, masu kallonsu kuwa yawanci waɗanda suka baro gida ne irinsu.

Sunan ƙungiyar daga al'ummarsu yake, Songhai, masu daular da Sonni Ali da Askiya Muhammadu suka mulka daga Gao har sojojin Maroko suka karya ta a 1591. Harshensu ɗan'uwan Zabarmanci ne, shi ya sa maƙwabtanmu Zabarmawa kan tsinci kalmomi idan aka kunna waƙar.

Wannan rok ne da gaske, ko kiɗan gargajiya ne aka jona wa lantarki?

Rok ne. Kayan aikinsu su ne na kowace ƙungiyar rok: jitar lantarki, bes, ganguna, murya. Su da kansu sun sha faɗa cewa sun taso suna jin Jimi Hendrix da B.B. King da John Lee Hooker, tare da Ali Farka Ture. Amma gindin kiɗan na gida ne. Garba yana tafiya ne a kan tsanin sauti mai hawa biyar, irin wanda mai gurmi ko mai garaya ke bi a nan ƙasar Hausa. Gangar kuma sau da yawa tana ɗauke da tafiyar takamba, kiɗan rawar mutanen Gao, wanda ke rangaji uku-uku maimakon dukan huɗu-huɗu na rok ɗin Turawa. Ga kuma bayarwa da amshi: Aliyu ya jefa, sauran su karɓa, kamar yadda 'yan amshi ke yi wa makaɗin fada. Duk Bahaushen da ya saurara da kyau zai ji ƙafarsa ta gane kiɗan tun kunnensa bai gama tantancewa ba.

Yaya aka yi samarin da ke wasa a gidan biki suka samu kundi a Ingila?

A 2013 wani shiri mai suna Africa Express, wanda mawaƙin Ingila Damon Albarn na cikin jagororinsa, ya kawo mawaƙan Ingila da Amurka Bamako don su yi aiki da na Mali. Marc-Antoine Moreau, Bafaranshen da a lokacin ke kula da harkokin mawaƙan Mali Amadu da Mariyam, shi ya gano su. Aka haɗa su da Nick Zinner, mai jitar ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs ta Amurka, suka naɗi Soubour, ta fito a kundin shirin mai suna Maison des Jeunes. Waƙar nan ce ta buɗe musu ƙofa. Zinner da Moreau suka zama furodusoshin kundin farko, kamfanin Transgressive na Landan ya fitar da shi a watan Fabrairun 2015. A shekarar suka hau dandalin Glastonbury, babban bikin kiɗa na Ingila.

Me ke cikin kundin farkon da ya sa mutane suka manne masa haka?

Mutum huɗu ne za ka ji, kuma za ka iya nuna inda kowanne yake tsaye. Ba a cika wurin da kaya ba. Soubour ta buɗe da take ɗaya na jita, mai kauri, mai ƙura, ana maimaita shi har ya zauna maka a ƙirji, muryar Aliyu tana kiran haƙuri a kansa. Al Hassidi Terei gudu ce tsantsa, yatsun Garba suna sukuwa, amshin kuma na taron maza ne da suka saba waƙa tare. Sekou Oumarou ta ja da baya, tana tafiya a hankali da nauyi. Sai kundin ya riƙa saukowa: Wayei, Petit Metier mai maganar a koma ƙananan sana'o'i a sake gina ƙasa bayan yaƙi, har a rufe da Mali da jitar katako, babu hayaniya.

Abin da ya fi duk wannan shi ne, waƙoƙin sun nuna kafin a naɗe su. An kaɗa su dare bayan dare a gaban mutanen da suka bar gidajensu, mutanen da idan waƙa ba ta taɓa su ba ba za su tashi ba. Duk wani layin da bai yi aiki ba ya riga ya zube a can. Furodusa bai samu aiki mai yawa ba illa ya kafa makirufo ya bar su su yi abin da suka saba. Zinner kuwa ɗan jita ne, ya san darajar barin jita da ɗan kaushinta, bai goge ta ba. A kan wannan na ba shi girmansa.

Ina son kundin nan ƙwarai. Idan ɗalibi ya tambaye ni yadda ake sa take ɗaya ya ɗauki waƙa gaba ɗaya, shi nake kunna masa.

To me ya canza a na biyun?

Kusan komai, ban da mutanen. An naɗi Résistance a Landan tare da furodusa Neil Comber, ya fito a watan Yunin 2017. Tsakanin kundin biyu sun shafe fiye da shekara biyu suna yawon wasa a Turai da Amurka, kuma hakan ya fito a hannunsu. Bes ɗin Umaru ya matso gaba, ya daina bin jita a baya, yana tafiyarsa. Gangar Nathanael ta ƙara tsauri da tsabta. An shigo da kayan busa, da fiyano, da goge irin na Turawa a wasu wurare, da baƙin muryoyi.

Ka kwatanta yadda kowanne ya buɗe. Na farko ya buɗe da kiran haƙuri. Na biyu ya buɗe da Voter, waƙar zaɓe da 'yan siyasa masu alkawari, jita tana tsalle da sauri sannan ta faɗo da nauyi a wurin amshi. Daga ita sai Bamako, wadda kayan busa suka cika, kiɗan rawa ne na daren Asabar a babban birni. Yersi Yadda ƙin yarda ce da masu fakewa da addini suna zaluntar mutane. Mali Nord ta koma kan arewa da waɗanda suka baro ta. One Colour ta rufe kundin da muryoyin yara da kiran haɗin kai.

A na farko suna magana ne da 'yan uwansu masu gudun hijira: ku daure. A na biyu sun juya suna magana da masu mulki, da masu bindiga, da duniyar da ba ta san komai game da Mali ba sai labarin yaƙi. Mai yin magana ta biyu dole ya ɗaga murya ya faɗaɗa kiɗa, tunda masu sauraron sun yi nisa kuma sun yi yawa.

Yaya, mu faɗi gaskiya, ba Turawa ne suka ɓata su a na biyun ba?

Ƙanena, wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don haka ka ba ni lokaci.

Da farko, Turawa suna cikin kundin farkon ma. Ba'amurke da Bafaranshe ne furodusoshinsa, kamfanin Ingila ne ya fitar da shi. Idan hannun baƙo ne ke ɓata kiɗa, da tun can ya ɓaci.

Na biyu, kayan busa da kiɗan rawa ba baƙi ba ne a Bamako. Tun shekarun 1970 birnin yake da manyan ƙungiyoyi masu busa da jita, irin su Rail Band da Les Ambassadeurs, inda Salif Keita ya yi suna. Saurayin da ya zauna a Bamako ya yi waƙar Bamako da kayan busa, gadon garin ya ɗauka. Mai jin busa ya ce Landan ce, tarihin kiɗan Mali ne bai bibiya ba.

Na uku shi ne wanda nake so ka riƙe. Idan ka tone maganar masu cewa an ɓata su, abin da suke nema shi ne sautin hamada, sautin kewa, sautin mutumin da aka raba da gidansa. Wannan sauti yana da daɗi, ni ma yana taɓa ni. Amma ka tuna abin da ya haife shi. Wanda ke so su yi ta maimaita shi kundi bayan kundi, yana so ne su dawwama a matsayin 'yan gudun hijira domin shi ya ji daɗin sauraro. Ba na jin muna da wannan haƙƙin a kansu. A 2015 an kai hari wani gidan cin abinci a Bamako a watan Maris, aka sake kai hari otal ɗin Radisson Blu a watan Nuwamba, aka kashe mutane, aka sa dokar ta-ɓaci. A irin wannan garin ne suka zauna suka rubuta waƙar fita yawon dare. Ni a wurina waƙar Bamako ta fi kowace waƙa a kundin cancantar sunan da aka sa masa, wato tirjiya.

Mu mutanen Jos bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Mun ga Satumbar 2001, mun ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010. Babbar kasuwarmu ta Taminus ta ƙone a 2002, bam ya tashi a wurin a watan Mayun 2014. Akwai iyalai da yawa da suka bar unguwar da aka haife su suka koma wata, har yau ba su koma ba. Kuma mun san yadda yake ciwo idan ka je Kano ko Legas ka ce daga Jos kake, abin da za a fara tambayarka shi ne rikici, ba sanyin garin ba, ba tumatir da kabejin Farin Gada ba, ba mawaƙan da garin ya haifa ba. Mun san kuma ƙarfin halin da mace ke yi ta sake shimfiɗa kayanta a bakin titin da aka kwashe gawa. Kundin farko na ranar da aka gudu ne. Na biyu na lokacin da aka sake buɗe shago ne, ana ciniki, ana kuma tambayar shugabanni ina alkawari. Wanda ya rayu a garin nan ya san dukansu biyun gaskiya ne.

Amma ai akwai abin da bai yi ba a na biyun, ko duk yabo ne?

Akwai, kuma ba zan ɓoye ba. Baƙin mawaƙan su ne raunin kundin. A waƙar Sahara an kawo Iggy Pop, dattijon rok na Amurka, yana gayyatar mutane zuwa hamada da muryarsa mai zurfi. Babban suna ne, ya jawo musu kunnuwan da ba za su samu ba, amma abin da ya faɗa kallon baƙo ne, kuma jitar Garba a waƙar ba ta bukatar taimakon kowa. A Mali Nord, Elf Kid, matashin mawaƙin gambarar zamani daga Landan, ya fi dacewa da maganar da ake yi, sai dai shigowarsa tana karya tafiyar waƙar. One Colour niyyarta kyakkyawa ce, amma zaƙinta ya ɗan yi yawa, kuma saƙonta bai da kaifin sauran.

Akwai kuma wuraren da kaya suka yi yawa har iskar da ke tsakanin jita da bes ta toshe. A kundin farko shirun da ke tsakanin bugu da bugu yana cikin kiɗan. A na biyu wani lokaci an cike shi. Wannan asara ce ta gaske, kuma mai kukan ta yana da hujja.

Waƙa nawa ce a kowanne?

Music in Exile yana da 11 a fitowarsa ta asali, Résistance yana da 12.

Malam, ni ba na jin yarensu. Ba ɓata lokaci ba ne?

'Yar'uwa, ai mun shekara muna jin waƙoƙin Indiya a gidajenmu ba mu jin Indiyanci. Yawancin waƙoƙin da harshen Songhai suke, akwai Faransanci nan da can, a na biyun kuma Turanci ya shigo ta bakin baƙi da wasu amshi. Abin da ke taimaka wa Bahaushe shi ne kalmomin Larabci da muka yi tarayya da su, da kuma salon maganar: nasiha, jan kunne a kan hassada da son kai, kiran zumunci, yabon ƙasa. Irin abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi ta yi ne da kuntiginsa, yana yi wa talaka da ɗan kasuwa da ma'aurata magana kai tsaye. Idan kin san abin da kowace waƙa ke magana a kai, muryar Aliyu za ta isar miki da sauran.

Waɗanda suka hana kiɗan ai sun ce addini suke bi. Me za ka ce?

Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, mai neman hukunci ya je wurin malaminsa, ni mai koyar da jita ne. Abin da ya faru a arewacin Mali kuwa da bakin bindiga aka yi shi. Mutanen da suka hana kiɗa su ne suka rusa hubbarorin waliyyai a Timbuktu a 2012, aka kuma ƙona tsofaffin littattafai a cibiyar Ahmad Baba a watan Janairun 2013 lokacin da suke ficewa daga garin. A 2016 kotun duniya da ke Heg ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi hukuncin shekara 9 a kan rusa hubbarorin. Garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karantar da Musulmin Afirka ta Yamma aka yi wa haka. Wannan zaluncin ne Yersi Yadda ke ƙi.

Me ya sa kundi na biyu ke ba ƙungiyoyi wahala haka?

Kamar sabuwar gona ce. Shekarar farko ƙasa tana ba ka abin da ta tara tun kafin ka zo, shekara ta biyu sai ka zuba taki da hannunka. Waƙoƙin kundin farko an tara su ne cikin shekaru, babu mai jira, babu mai matsawa. Na biyu ana rubuta shi ne a mota da ɗakin otal, tsakanin wasa da wasa, kamfani yana jira, masu sauraro kuma sun kasu biyu: masu son a maimaita musu abin da suka sani, da masu jiran su ga ko akwai wani abu bayan shi. Ƙungiya takan faɗi ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko ta sake yin kundin farko da wasu sunaye, ya fito salam babu zafin na asali, ko ta watsar da duk abin da aka san ta da shi don ta burge sababbin mutane.

Songhoy Blues ba su faɗa ko ɗaya ba. Ka cire busa da baƙi daga Résistance, abin da zai rage shi ne jitar Garba da aka sani, da amshin taro, da rangajin nan na Gao. Ginshiƙin yana nan, ɗaki aka ƙara.

Ni mai koyon jita ne. Wanne zan zauna da shi?

Na farko, ba tare da wata-wata ba. Ka fara da taken Soubour. Yatsu ba za su sha wuya ba, wuyar tana wurin riƙe shi daidai na tsawon minti uku ba ka yi sauri ba, ba ka ƙara masa ado ba. Yawancin yaran da ke zuwa wurina a nan suke faɗuwa, hannu yana ƙaiƙayin ya nuna gwaninta. Idan ya zauna, ka koma Sekou Oumarou don koyon tafiya a hankali. Al Hassidi Terei ka bar ta sai hannun dama ya yi ƙwari, kuma ka fara ta da rabin saurinta.

Mai bes da mai ganga kuwa, na biyun ne makarantarsu. Su saurari Bamako da Voter, su lura da yadda bes da babbar ganga ke faɗuwa wuri ɗaya, da yadda ake barin gurbi don busa ta shiga. Masu kiɗa a coci da masu yi a gidan biki a garin nan duk za su amfana da wannan, domin matsalarmu ɗaya ce: kowa yana so a ji shi a lokaci guda.

Abu ɗaya kuma: kada ka saurara ta lasifikar waya. Bes ba ya fitowa a nan, kuma rabin abin da ya bambanta kundin biyu a bes yake. Ka nemi iyafis mai kyau ko rediyon mota.

Baba ya ce jita ba kiɗanmu ba ne, kayan Turawa ne. Yaya zan amsa masa?

Ka amsa masa da ladabi, kuma ka fara da abin da ya sani. Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru ya kuma rasu a watan Yunin 2015, da tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Kuntigi da gurmi da garaya da molo duk dangin jita ne, tsirkiya ce a kan ƙoƙo ana taɓa ta da yatsa. Ali Farka Ture ma da ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya ɗauki jita, kuma abin da ya koya a can shi ya zuba mata.

Jitar lantarki kuma ta daɗe a ƙasar nan. A shekarun 1970 akwai ƙungiyoyin rok a Legas irin su BLO da Ofege, a nan Jos kuma akwai Sahara All Stars. A Nijar yau akwai Bombino daga yankin Agadas da Mdou Moctar, akwai Tal National a Yamai da ke waƙa da harsuna da dama har da Hausa. Abin da ke ba ni takaici shi ne garin da ya fitar da P-Square da M.I da Ice Prince da Jeremiah Gyang, garin da ke cike da matasa masu iya jita, har yanzu samarinmu masu waƙar Hausa sun fi dogara da fiyano da kwamfuta su yi musu komai. Ba na raina wannan, sana'a ce kuma tana ciyar da mutane. Amma ina marmarin ranar da mutum huɗu daga Gangare da Tudun Wada da Unguwar Rogo da Bukuru za su tsaya da kayan kiɗa a hannu su yi waƙar Hausa da irin wannan ƙarfin.

Idan ƙungiyarmu za ta shiga situdiyo, me za mu ɗauka daga labarin nan?

Daga na farko: kada ku naɗi waƙar da ba ku kaɗa ta a gaban mutane ba. Ku kai ta gidan biki, ku kai ta taron makaranta, ku ga inda jama'a ke tashi da inda suke duba waya. Ku kuma roƙi mai situdiyo ya bar ku ku kaɗa tare a ɗaki ɗaya ko da ganga da bes ne kawai, maimakon kowa ya shiga shi kaɗai.

Daga na biyu: idan rayuwarku ta canza, ku bar waƙar ta canza. Amma duk baƙon da za ku gayyata, ku tambayi kanku ko waƙar ce ke bukatarsa ko sunansa kuke so a bango. Idan sunan ne, ku san cewa farashinsa a cikin waƙar za a biya.

Bayan waɗannan biyun sun yi wani abu?

Sun yi. A watan Oktoban 2020 suka fitar da na uku, Optimisme, tare da furodusa Matt Sweeney, Drissa Kone kuma ya karɓi ganguna. Sun rage ado, sun ƙara wa jita nauyi, waƙar da ta buɗe shi, Badala, ta fi duk abin da suka yi a baya zafi. Mai jin sa zai gane amfanin kundi na biyu: tsaurin da bes da ganga suka samu a Résistance shi ne ya ɗauki wannan nauyin.

Datata kaɗan ce. Da wanne zan fara?

Ka fara da Music in Exile, ka ji shi daga farko har ƙarshe a jere, kada ka tsallake, domin yadda yake saukowa daga Soubour zuwa Mali yana cikin aikin. Ka ba shi kwanaki. Sannan ka ɗauki uku daga Résistance: Voter, Bamako da Yersi Yadda. Idan sun kama ka sai ka ƙarasa sauran. Dukansu suna kan YouTube da Spotify a shafin ƙungiyar, kuma ya fi kyau ka saurara a can maimakon a tura maka a memori, tunda ta nan ne ɗan abin da ake biya ke isa hannun masu kiɗan.